Yadda Ake Aiki da Na'urar Gano Gas Kafin a Shiga Tanki, Rijiya ko Sokawe

A bazarar da ta wuce an kira ni wani gidan mai da ke bakin gari, a hanyar fita daga Sakkwato, domin in auna iskar wani tankin ƙarƙashin ƙasa da za a yi wa gyara. Na tarar da mai walda, dattijo da furfura, ya riga ya cire riga ya ɗaura ɗankwali a hanci. Ya leƙa bakin tankin, ya shinshina, ya ce da ni: "Yaro, tankin ga kwanansa ukku a buɗe, babu komi ciki." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri na minti biyar." Na zura tiyo zuwa tsakiyar tankin, lamba ba ta wani motsa ba. Da tiyon ya kusa taɓa ƙasa sai na'urar ta ɗauki kuka, jar fitila tana walƙiya, tana kakkarwa a hannuna. Tururin fetur ne kwance a gindin tankin, ga kuma dattijon da ke shirin sauka da wutar walda. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya mayar da rigarsa.

Wannan bayani na masu irin aikinmu ne: ma'aikatan gidajen mai da wuraren ɗura gas ɗin girki, masu gyaran tanka, masu yasar rijiya da kwashe sokawe, majema, da ma'aikatan manyan masana'antu irin kamfanin siminti na Kalambaina. Zan bi abin daki-daki yadda nake koya wa yaran da ke bina wurin aiki.

Abin da na'urar take nema

Wadda aka fi gani a hannun ma'aikata ita ce mai ido huɗu, girmanta bai fi tafin hannu ba. A fuskarta akwai lambobi huɗu: O2, LEL, CO da H2S.

O2 iskar oksijin ce da muke shaƙa. A iska mai kyau kashi 20.9 cikin ɗari ce. Na'ura tana kuka idan ta sauka ƙasa da 19.5, ko ta haura 23.5, domin oksijin in ya yi yawa ko rigar jikinka kama wuta take yi kamar an zuba mata kananzir. Akwai lissafin da nake so kowa ya riƙe a nan. Oksijin kashi ɗaya ne cikin biyar na iska, don haka in ka ga lamba ta sauko daga 20.9 zuwa 19.9, to wata iska ta daban ta cinye kusan kashi 5 cikin ɗari na wurin. Na'ura ba za ta yi kuka ba tukuna, amma kai ya kamata ka tsaya ka tambayi kanka wace iska ce ta shigo.

LEL awon gas mai kama wuta ne. Kowane gas yana da mafi ƙarancin yawan da zai kai a cikin iska kafin tartsatsi ya iya tayar da shi. Na metan, wanda ke fitowa daga sokawe da ruɓaɓɓen juji, kuma shi ne CNG da ake sa wa motoci yanzu, kusan kashi 5 ne cikin ɗari. Na furofen da ke cikin gas ɗin girki kashi 2.1 ne, tururin fetur kuwa wajen 1.4. Na'urar tana ɗaukar wannan iyaka a matsayin 100, sai ta nuna maka nawa ka ci daga ciki. Yawanci kukan farko a 10 yake, na biyu a 20.

CO kabon monoksaid ne, hayaƙin janareta da gawayi da injin ban-ruwa. Ba shi da wari ba shi da launi, kuma jini yana riƙe shi fiye da oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Ana auna shi da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Na'urori da yawa suna zuwa da kukan farko a 35, na biyu a 200.

H2S haidirojin salfaid ne, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ne na fi tsoro. Yana da ɗan kaɗan za ka ji warinsa, amma da ya kai wajen 100 ppm sai ya kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka iskar ta washe alhali lokacin ne ta fi muni. Daga 700 zuwa 1,000 ppm, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Yana taruwa a sokawe, a kwatamin mahauta, da ramukan jima inda ake amfani da sinadarin salfaid wajen cire gashin fata, musamman in ruwan ya haɗu da ruwa mai asid. Kukan farko galibi a 10 ppm ne.

Yadda take shinshina

A cikin na'urar akwai ƙananan sensa, wato idanun nan da ke gano gas, kowace da aikinta, kuma wanda bai san yadda suke aiki ba ba zai gane ranar da suka yi masa ƙarya ba.

Sensar LEL ta gargajiya ƙwayoyi biyu ne ƙanana kamar ƙwayar gero, kowace da siririyar wayar filatinam a ciki, batir yana zafafa su zuwa kusan digiri 500. An shafa wa ɗaya sinadarin da ke sa gas ya ƙone a jikinta, ɗayar kuma an bar ta haka nan. In gas ya shigo, ta farkon sai ta ƙara zafi, wutar da ke bi ta cikinta ta canza, na'ura ta gwada bambancin da 'yar'uwarta ta mayar da shi lamba. Akwai ragar ƙarfe da ke hana wannan 'yar wutar fitowa waje. Tunda ƙonawa take yi, dole sai da oksijin. In oksijin ya yi ƙasa da kashi 10, za ta iya nuna maka sifili a tankin da ke cike da gas. Sannan tana shan guba: silikon da ke cikin man goge mota da wasu man feshi na sassauta noti yana lulluɓe ƙwayar, ta mutu ba tare da ta nuna wata alama a fuska ba.

Akwai sabuwar sensar LEL mai amfani da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Ana harba hasken ta cikin ɗan rami, gas irin metan da furofen su shanye wani sashe nasa, abin da ya ragu ya nuna yawan gas ɗin. Ba ta buƙatar oksijin, silikon ba ya kashe ta, batirinta yana daɗewa. Aibinta shi ne ba ta ganin iskar haidirojin ko kaɗan, don haka ba ta da amfani a ɗakin da aka jera manyan batura ana caji.

Sensar CO da H2S da O2 kuwa kamar ƙaramin batir suke, da ruwan sinadari a ciki. Gas yana ratsa wata siririyar fata, ya taɓa ƙarfen ciki, ya haifar da 'yar wutar lantarki daidai yawansa. Shekara biyu zuwa uku suke yi, ta oksijin irin ta gargajiya ma tana cinyewa ko na'urar tana kashe a cikin akwati. Ruwan cikinsu yana bushewa in iska ta bushe ƙwarai ko zafi ya yi yawa, kuma kowa ya san hunturu da bazarar Sakkwato.

Masu aikin fenti, sinadaran wanki da benzin suna buƙatar wata ta daban mai fitilar altirabayolet, wadda ke gano tururin da ya yi ƙanƙanta ga sensar LEL amma ya isa ya cutar da jini da hanta a hankali. Ita kuma ba ta ganin metan. 'Yan ƙananan na'urorin bango da ake sayarwa don kicin suna da amfaninsu a gida, amma kada a shiga tanki da su.

Mataki na farko: tun daren jiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi cajin na'urar a ofis ko a gida, ba a harabar gas ba, kuma kada ka buɗe ta ko ka canza batir a inda ake zargin gas. Duba bayanta ka tabbatar akwai tambarin Ex, na ATEX ko IECEx, shaidar cewa ita kanta ba za ta tayar da tartsatsi ba. Duba ƙofofin sensa ko ƙura ta toshe su. A watannin hazo nakan canza filta sau da yawa fiye da yadda littafin na'urar ya ce, saboda ƙurarmu laushi gare ta kamar garin alkama.

Mataki na biyu: kunna ta a iska mai tsabta

Ka kunna ta a fili, nesa da janareta, salansar mota da famfon mai. Ka jira ta gama gwada fitila, ƙara da kakkarwa. Lambobin da ya kamata ka gani su ne 20.9 a oksijin, sauran ukun sifili. In za ta nemi ka mayar da ita sifili, to nan ne wurin yin haka. Wanda ya saita sifili kusa da janareta ya koya wa na'urar cewa hayaƙi shi ne iska mai kyau, kuma haka za ta riƙa rage masa lissafi har yamma. Kada kuma ka taɓa ta da hannun da ka shafa wa sanitaiza yanzu-yanzu, tururin yana rikita sensar CO.

Mataki na uku: gwajin shaƙa

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mafi yawanmu muke sakaci. Sifili a fuskar na'ura ma'ana biyu gare shi: ko babu gas, ko sensa ta mutu. Daga kallo ba za ka bambance su ba. Hanya ɗaya ce, ka ba ta gas ɗin da ka san yawansa ka ga ko za ta yi kuka.

Ana sayar da 'yar ƙaramar silinda ta gwaji mai haɗin gas huɗu. Wadda aka fi samu tana ɗauke da H2S 25 ppm, CO 100 ppm, metan rabin LEL wato 50, da oksijin kashi 18. Ka duba ranar lalacewarta tukuna, domin H2S yana raguwa a cikin silinda in ta daɗe. Ka ɗaura mata ragileta, wato kan da ke daidaita fitar gas, mai sakin rabin lita a minti, ka haɗa ɗan tiyo zuwa murfin gwaji, ka kifa murfin a kan ƙofofin sensa, ka buɗe. Cikin daƙiƙa 30 ya kamata lambobi ukun su hau, ta oksijin ta sauka, kowace ta tayar da kukanta. Ka cire murfin, ka ga sun koma inda suke. Duk aikin bai kai minti biyu ba.

Ni kaina na taɓa ganin amfanin wannan da idona. Wata rana a watan Afrilu na bar na'ura a cikin mota daga hantsi har la'asar, gilashi a rufe. Washegari na kunna ta, komai ya fito daidai: 20.9, sifili, sifili, sifili. Da na ba ta gas ɗin gwaji, uku suka amsa, ta H2S ta tsaya a 4 maimakon 25, ba ta ko yi kuka ba. A ranar sokawen wani babban gida za mu buɗe, da yara biyu masu kwasa suna jirana. Yawancin na'urorin nan an yi su ne su jure zafi har digiri 50, cikin motar da aka rufe a ranar Sakkwato kuwa ya wuce haka nesa. Aikin ya jira kwana huɗu kafin a kawo sabuwar sensa, mai gidan ya yi ta faɗa, na bar shi ya yi.

Wasu suna gwada sensar LEL da gas ɗin laita. Kada ka yi. Yawan da ke fita ya fi ƙarfin ƙwayar, yana lalata ta, kuma bai gaya maka komai game da sauran ukun ba. Hura numfashi a kan sensar oksijin zai sa lamba ta sauka, amma wannan ma bai maye gurbin silinda ba.

In na'ura ta faɗi gwajin shaƙa, sai a yi mata cikakken saiti da wannan silindar, inda ake daidaita awonta da lambar da ke jikin silinda. In saitin ya ƙi, sensa ta gama aiki. Ko ba ta faɗi ba, a yi saitin a kan lokacin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, da yawa suna cewa kada ya wuce wata shida. Ka kuma san da wane gas aka saita ta. Wadda aka saita da metan tana rage lissafin tururin fetur, takan nuna kusan rabin abin da ke nan. Mai aikin gidan mai ya gaya wa mai saiti haka tun farko.

Mataki na huɗu: auna daga waje, kafin kowa ya sa ƙafa

Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ta riƙa bugun bayanka. Ka auna gefen murfi kafin a buɗe, sannan a buɗe a hankali. Kada ka sunkuya ka leƙa da kai.

Ka haɗa famfon na'urar mai zuƙo iska da tiyo, ka toshe bakin tiyon da yatsa. In na'urar ta yi ƙorafin toshewa, tiyon ba ya yoyo. In ta yi shiru, akwai huda a wani wuri, iskar waje take zuƙa. Ka sa ɗan abin da zai hana bakin tiyon nutsewa, domin in ya zuƙo ruwa ko mai, aikin ranar ya ƙare.

Karatun yana da jeri: oksijin da farko, sai LEL, sannan masu guba. Dalili shi ne abin da na faɗa a baya, in oksijin bai isa ba lambar LEL ba abin yarda ba ce.

Ka auna sama, tsakiya da ƙasa, kana tsayawa duk bayan ƙafa huɗu. Metan ya fi iska sauƙi, yana taruwa a sama ƙarƙashin murfi. CO nauyinsa kusan ɗaya da iska, ko'ina yana iya kasancewa. Gas ɗin girki, tururin fetur da H2S sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya kamar ruwa. A kowane wuri ka ba ta lokaci: daƙiƙa biyu ga kowace ƙafa ta tiyo, da ƙarin minti biyu. Tiyo mai ƙafa 20 ke nan daƙiƙa 40 da minti biyu a wuri ɗaya. Wanda ya zura tiyo ya zaro kamar mai jan guga bai auna komai ba.

In ka ga lambar LEL ta yi tsalle sama sannan ta faɗo sifili nan take, kada ka yi murna. Sau da yawa alamar gas ya yi yawan da ya fi ƙarfin sensar ce. Ka janye kowa.

Masu yasar rijiya na da suna zura fitila mai wuta, in ta mutu su fasa shiga. Hikima ce ta zamaninta, kamar yadda masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da tsuntsun kanari har zuwa 1986. Sai dai wutar fitila ba ta mutuwa sai oksijin ya sauka wajen kashi 16, ba ta san CO ko H2S ba, kuma in metan ne a ramin ita ce za ta tayar da shi.

Mataki na biyar: hura iska, ka sake aunawa

In lambobi ba su yi kyau ba, a sa fanka mai hura iska da dogon bututu har ƙasan ramin. A inda ake zargin gas mai kama wuta, fankar ma sai mai tambarin Ex. A ajiye janareta can nesa, ta inda hayaƙinsa ba zai biyo bututun ba. Kada a taɓa hura oksijin na silindar walda don "gyara iska". Bayan an hura, a sake awon daga farko, sama, tsakiya da ƙasa, a rubuta lambobin da lokaci a takardar izinin aiki. Ni ba na sa hannu sai oksijin yana 20.9 ko dab da shi, LEL ƙasa da 10, in kuma walda za a yi sai na ga sifili.

Mataki na shida: lokacin da mutum yake ciki

Awon farko na lokacin da aka yi shi ne kawai. Laka da ke ƙasan sokawe ko tanki tana riƙe gas, da shebur ya motsa ta sai ya taso. Saboda haka mai shiga ya maƙala na'ura a ƙirji ko kafaɗa, kusa da hanci, ba a aljihun wando ba, kuma kada riga ta rufe ta. Ya ɗaura ɗamarar ceto da igiya. A bar fanka tana aiki. Injin ban-ruwa mai fetur ya zauna a waje, tiyonsa kawai ya sauka, domin injin da ke aiki a cikin rijiya yana cika ta da CO cikin 'yan mintuna.

Dole mutum ɗaya ya tsaya a baki, ba shi da wani aiki sai kallo da magana da na ciki. In na'ura ta yi kuka, a fito tukuna, a yi bincike daga baya. In na ciki ya faɗi, na baki kada ya sauka. Ya ja igiya, ya yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Na san wannan yana da wuya a zuciya, musamman in ƙaninka ne ko ɗanka a ƙasa. Amma hukumar NIOSH ta Amurka ta bayyana a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan ramuka masu zuwa ceto ne. Takunkumin ƙura da ɗankwali ba sa tare gas, kuma babu filtar da ke ƙirƙiro oksijin. Mai sauka ceto sai da silindar numfashi a bayansa.

Na'urorin da ake kafawa a bango

A wurin ɗura gas, ɗakin tukunyar tururi ko ɗakin janareta, ana kafa na dindindin masu aika saƙo ta waya zuwa allon kula, wanda ke tayar da jiniya ko ya rufe bawul da kansa. Kuskuren da na fi gani shi ne tsayin da ake kafa su. Ta gas ɗin girki tana zama kamar santimita 30 daga ƙasa, kusa da famfo, bawul da kwata, domin lita ɗaya ta ruwan gas tana zama kusan lita 250 ta tururi, ta bi ƙasa tana neman rami. Ta metan tana sama kusa da rufi. Ta CO tana daidai tsayin hanci. A yi musu 'yar rumfa saboda rana da ruwan damina, a duba ta ina iska ta fi kaɗawa a harabar, kuma su ma a riƙa ba su gas ɗin gwaji. A masana'antar siminti ana sa ido a kan CO a injin niƙa kwal da rumbunsa, saboda hauhawarsa ita ce alamar farko cewa kwal ya fara ci daga ciki.

Bayan an tashi aiki

Ka bar na'urar a kunne a iska mai kyau har lambobi su koma daidai, sannan ka kashe. Ka goge ta da tsumma mai ɗan damshin ruwa kawai, ban da fetur, sabulun feshi ko turare. Ka ajiye ta a ɗaki mai inuwa, ba a but ɗin mota ba, ba kuma a akwati ɗaya da gwangwanin fenti da man feshi ba. Ka buɗe littafi ka rubuta kwanan wata, sakamakon gwajin shaƙa, lamba mafi girma da ta nuna a ranar, da sunan wanda ya riƙe ta. A shafin farko na littafin ka rubuta ranar da aka sa kowace sensa da ranar lalacewar silindar gwaji, ka yi odar sababbi wata biyu kafin lokacin, domin kafin kaya su iso Sakkwato daga Legas ko Fatakwal akan ɗauki kwanaki.